Babi na Bakwai: Wasiƙar Neman Gurbin Karatu daga Kilomita Biyar

Ɗalibin da ya gama sakandare a Kano ko Zariya yana iya shiga jami'a har ya fito bai taɓa rubuta wa hukumar makaranta layi ɗaya na bayanin kansa ba. Tun da aka kafa JAMB a 1978, maki ne ke magana a madadinsa: ya ci kaza, an ba shi gurbi ko an ce ya jira baɗi. A ƙasashen renon Faransa takarda ce a gaban komai. A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kusan duk ƙofar da yaro zai ƙwanƙwasa sai an ce ya haɗo dosiye, wato tarin takardunsa, a saman dosiyen kuwa akwai takardar da ya rubuta da hannunsa, wadda kowa ya sani da demande manuscrite. Idan kuma waje yake son fita, ko tallafin karatu yake nema, sai ya ƙara da wata wadda ta fi ta nauyi, lettre de motivation, inda zai gaya wa kwamitin ɗaukar ɗalibai ko shi wane ne, me yake son karantawa, da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wani.

Takardun biyu ba ɗaya ba ne, kuma yara da yawa suna cakuɗa su. Ta farkon ƙa'ida ce kawai. Suna da adireshi a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, muƙamin wanda ake rubuta wa, abin da ake nema cikin jimla biyu ko uku, jerin takardun da aka haɗo, sa hannu, wani lokaci da kan sarki. Duk wanda ya ga guda ɗaya ya iya ta. Ta biyun ce ke hana barci, ita ce kuma wannan babi ya tsaya a kanta, musamman yadda take zo wa yaron da ya tashi a unguwar Kilomita Biyar.

Unguwar tana gunduma ta uku ta Bangui. A takarda ana rubuta PK5 ko KM5, a baki kuwa Cinq Kilo ake cewa. Nan ne babbar kasuwar birnin, nan ne babban masallaci yake a bakin titin Koudoukou, nan ne kayan da aka ɗauko daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke sauka bayan sun ratso Garoua-Boulaï da Bouar. Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Senegal da Mali sun daɗe a wurin, tare da Musulmi 'yan asalin ƙasar da maƙwabtansu Kiristoci. Akwai gidajen da kakan kaka ne ya zo, jikoki ba su san wata ƙasa ba sai wannan.

Sai aka shiga 2013. 'Yan tawayen Seleka suka kama Bangui ran 24 ga Maris, suka kori shugaban ƙasa François Bozizé. Ran 5 ga Disamba 'yan bindigar Anti-balaka suka afka wa birnin, aka fara farautar Musulmi unguwa-unguwa, gida-gida. Jiragen sama da manyan motoci suka kwashe dubban mutane zuwa Chadi da Kamaru, Najeriya da Nijar ma suka aiko aka ɗebi nasu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa Musulmin Bangui sun kai 122,000 kafin rikicin, zuwa ƙarshen 2015 kuwa saura kimanin 15,000, akasarinsu a killace cikin Kilomita Biyar. Mutum ya haye gadar da ke bakin unguwa ya tafi asibiti ko makaranta, ba shi da tabbacin komowa. Ko maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing sai a Fabrairun 2016 aka iya komawa binne gawa a cikinta, bayan yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu. Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, tazararta da kasuwar ba ta wuce 'yan kilomitoci ba, amma a shekarun nan ɗalibin unguwar ya fi samun sauƙin isa Njamena da ya isa ajinsa.

Yanzu a yi lissafi. Yaron da yake da shekara bakwai a Disambar 2013, yana aji biyu na firamare, shi ne ke zana jarrabawar Bak ta kammala sakandare a 'yan shekarun nan, idan Allah ya sa ya kai can. Kusan babu ɗaya daga cikin tsararsa da karatunsa ya tafi a miƙe. Wani ya yi shekara biyu a gida. Wani ya yi firamare a sansanin Gado a Kamaru ko a wajejen Sarh da Gore a kudancin Chadi, ya dawo aka mai da shi baya aji ɗaya ko biyu. Wani takardar haihuwarsa ta ƙone tare da gidansu a Miskine ko Boy-Rabe, sai da aka je kotu aka karɓo hukuncin da ke maye gurbinta. Idan irin wannan dosiye ya isa teburin malamin da ke Rabat ko Ankara ko Dakar, abin da zai gani shi ne ɗalibi ɗan shekara 22 da ya kamata ya gama tun yana 18, makarantu uku a ƙasashe biyu, da suna da aka rubuta iri biyu. Takardun sakamako ba su iya bayanin kansu. Wasiƙar ce kaɗai wurin da yaron ke da bakin magana.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne yawancin yaran nan suna ɓarar da wannan dama, ba don rashin basira ba, sai don tarbiyyar da muka yi musu. Mun koya musu cewa yabon kai jahilci ne. Mun koya musu a gaban babba a sunkuyar da kai, a tsawaita gaisuwa, a bar buƙata sai ƙarshe, a faɗe ta a kaikaice. Wasiƙarmu ta gargajiya ma haka take: gaisuwa mai yawa, tambayar lafiya da iyali, addu'a, sannan can ƙasa a ce dalilin rubuto wannan takarda shi ne kaza. Faransancin ofis ya zo ya ɗora nasa, da dogayen kalmomin ƙanƙan da kai da neman alfarmar mai girma. Haɗuwar biyun sai ta haifi wasiƙar da rabinta gaisuwa ce, rabinta roƙo. Ni maraya ne, mu talakawa ne, yaƙi ya cinye mu, ku dubi Allah ku taimaka.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai kwamitin ɗaukar ɗalibai ba kwamitin rabon zakka ba ne. Mutane ne uku ko biyar, gabansu dosiye ɗaruruwa, gurabe 'yan kaɗan, kuma tambaya ɗaya ce ke ransu: idan muka ba wannan yaro kujera, zai iya karatun, zai kai ƙarshe? Ɗan kasuwar Kilomita Biyar ya fi kowa sanin wannan tambaya. Idan saurayi ya zo wurin Alhaji yana son a ba shi kaya bashi ya kai Bambari ko Berberati, Alhaji ba ya ba shi don ya fi kowa kukan talauci. Yana tambaya ne: wa ka taɓa yi wa aiki, nawa aka taɓa damƙa maka, ka dawo da shi cif, wa zai tsaya maka? Haka kwamitin yake. Labarin wahala yana sa a tausaya, amma abin da mutum ya yi a cikin wahalar shi ke sa a amince.

A nan ne mafita take ga mai jin nauyin yabon kansa. Ba a ce ka ce kai haziƙi ne ba, ko mai ƙwazo, ko mai kishin ƙasa. Waɗannan kalmomi ma ba su da amfani, don kowa yana rubuta su. Aiki za ka faɗa, da shekararsa da wurinsa, ka bar mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Wanda ya ce na riƙe littafin shagon babana shekara huɗu, ni ke lissafin kayan da suka shigo da bashin da ke waje, bai yabi kansa ba, shaida ya bayar. Wanda ya ce na haddace Alƙur'ani ina ɗan shekara 14 a lokacin da makarantun boko ke rufe, ya gaya wa kwamiti cewa zai iya zama a kan abu ɗaya shekara da shekaru bai gaji ba. Yara da yawa suna ɓoye wannan, suna ganin ba abin da za a faɗa wa Bature ko malamin boko ba ne. Kuskure ne babba. Haka ma harsuna. Yaron unguwar yana tashi da Sango, yana jin Larabcin Chadi, yana ciniki da Fulatanci ko Hausa, yana karatu da Faransanci, amma da wuya ka ga ya ambaci wannan a wasiƙa, don a wurinsa ba komai ba ne, kowa a layinsu haka yake. Ga malamin da ke zaɓar waɗanda za su koyi sabon harshe cikin shekara ɗaya kafin su shiga aji, kamar yadda ake yi a Turkiyya, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

To, shekarun da suka ɓata fa, yaya za a yi da su?

Wasu suna tsallake su, suna fatan ba za a lura ba. Za a lura, domin kwanan wata shi ne abin da ido ke fara faɗawa a kai, kuma giɓin da ba a yi bayaninsa ba kowa da abin da zai cike shi da shi: lalaci, faɗuwa jarrabawa, ko abin da ya fi haka muni. Sunan PK5 ya daɗe yana fitowa a labarai tare da harbe-harbe da ƙungiyoyin da ke kiran kansu 'yan kare kai, da samamen da jami'an tsaro suka kai unguwar a Afrilun 2018, da faɗan 'yan kasuwa da 'yan bindiga na Disambar 2019. Saurayin da ya bar shekara biyu babu bayani ya bar wa mai karatu ƙofar zargi a buɗe. Wasu kuma suna yin akasin haka, su cika shafi da abin da idonsu ya gani, har a rasa wurin maganar karatu. Ina ganin jimla uku ko huɗu sun isa, a faɗe su a tsaye, ba kuka ba ɓoye-ɓoye. A ɗauka yarinya ce mai son karatun ungozoma. Tana iya cewa:

"Karatuna ya tsaya daga Disambar 2013 zuwa ƙarshen 2015 saboda rikicin Bangui, lokacin da muka yi gudun hijira zuwa gabashin Kamaru. Can na ci gaba da firamare, na dawo gida a 2018, aka mai da ni baya aji ɗaya saboda bambancin tsarin karatu. Tun daga nan ban sake maimaita aji ba, kuma na ci Bak a zama na farko."

Ta gama da wannan. Babu wanda zai karanta ya kasa gane abin da ke bayan kalmomin. Sauran shafin kuma nata ne, ta yi maganar abin da ya kawo ta. Idan ta ce tana son zama ungozoma don ta taimaki al'umma, ba ta ce komai ba. Amma tana iya cewa a shekarun da unguwarsu ke killace mata masu naƙuda ba sa iya kai wa asibitin haihuwa na Castors da dare, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe ɗakin haihuwa a Gbaya Dombia cikin unguwar. Tana iya ƙarawa da cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasarta mata fiye da 800 ke rasuwa, adadin da ke cikin mafi muni a duniya. Idan ta taɓa raka wata yayarta ko ta yi aikin sa kai a wata cibiyar lafiya, ta faɗi abin da ta yi da hannunta. Mai karatu zai ga wannan yarinya ta san wurin da za ta koma ta tsaya, ta san kuma abin da ke jiranta.

Akwai maganar da ba na so a bari a baya, ita ce ta adireshi. Na san akwai masu ba yara shawarar su sa adireshin wani aboki a Lakouanga ko Sica, don kada a ga sunan unguwar. Na fahimci tsoron. Musulmin ƙasar sun daɗe suna kukan cewa idan suka je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo ana tambayarsu takardun iyaye da kakanni waɗanda ba a tambayar wasu, ana yi musu kallon baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Duk da haka ban yarda da shawarar ba. Na farko, ƙarya ce, kuma dosiyen da aka kama da ƙarya ɗaya an daina yarda da sauransa. Na biyu, sunan yaron da makarantar da ya yi sun riga sun faɗi inda ya fito. Unguwar kuma ba wurin da za a ji kunyarsa ba ne. Ita ke ciyar da kasuwancin birnin. Ita ce Fafaroma Francis ya shiga ran 30 ga Nuwamba 2015, ya zauna cikin babban masallacinta tare da liman Tidiani Moussa Naibi, a lokacin da mutane da yawa ke ganin shigar ba za ta yiwu ba. Idan yaran da suka yi karatu suka riƙa ɓoye cewa daga can suke, 'yan bindiga kaɗai za a ci gaba da sanin unguwar da su.

Ba wasiƙa ɗaya ce za a aika ko'ina ba. Mai neman Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda ta buɗe a 1986, ko Jami'ar Sarki Faisal da ke Njamena, ko Azhar, ko Jami'ar Musulunci ta Madina, da Larabci zai rubuta, kuma can takardar shaidar malamin da ya san shi tana da nauyi ƙwarai, wani lokaci fiye da tasa. Littattafan da ya sauke da malaman da ya zauna gabansu su ne jarinsa. Mai neman tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗe nemansa ta intanet a watannin Janairu da Fabrairu, zai tarar da wurin da aka ware don ya bayyana niyyarsa da dalilin zaɓen fannin. Wanda har yanzu yake Kamaru ko Chadi da katin ɗan gudun hijira yana da tallafin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta assasa a 1992, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanar da shi. Khartoum, wadda a da take karɓar yaranmu da yawa a Jami'ar Afirka, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe hanyarta. Kowace daga cikin waɗannan tana da abin da take nema, kuma jimla ɗaya da ke nuna yaro ya binciki makarantar, ya san sunan sashen da darussan shekarar farko, ta fi sakin layi guda na kirarin cewa jami'arku ta yi suna a duniya. Mai son aikin gona da ya ambaci cibiyar koyon raya karkara ta Jami'ar Bangui da ke Mbaïki, ya faɗi abin da ya sa yake son ita ko abin da ya sa yake neman wadda ta fi ta kayan aiki, ya nuna ya yi tunani.

Wanda ya rubuta wasiƙar ma abin dubawa ne. A shagunan intanet na Bangui, kamar na ko'ina, akwai wasiƙu ajiye cikin kwamfuta, ka biya a canza suna a buga maka. Yanzu kuma waya ta shigo, ana ce wa ChatGPT ya rubuto. Abin da ke fitowa Faransanci ne mai santsi wanda babu mutum a cikinsa, kuma malamin da ya karanta irinsa hamsin tun safe yana gane shi daga layin farko. Ya fi muni idan makin Faransancin yaron a Bak yana ƙasa-ƙasa amma wasiƙarsa kamar ta lauya. Hanyar da na fi aminta da ita ita ce yaro ya fara faɗin abin da ke ransa da harshen da yake tunani da shi, Hausa ko Sango ko Larabci, ga wani babba da zai riƙa katse shi da tambaya: a wace shekara, a ina, kai me ka yi? Daga nan ya rubuta da kansa da Faransancinsa, komai sauƙinsa, sannan ya kai wa malaminsa ya gyara nahawu da rubutu, ba tare da ya sauya masa magana ba. Haka ma uban da ke nema wa ƙaramin ɗansa gurbi a makarantar kuɗi, wanda ya iya Larabci da ajami amma bai iya boko ba. Baba ya faɗa, a rubuta abin da ya faɗa, a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu. Sau da yawa maganarsa ta fi ta mai rubutun ma'ana, domin shi ya san yaron.

Saura ƙananan abubuwa da ke kayar da dosiye tun kafin a karanta wasiƙar. Suna shi ne na farko. Mahamat a takardar haihuwa, Mohamed a takardar Bak, Mouhamadou a katin sansani: a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfutar jami'a mutum uku. A bi yadda yake a fasfo harafi da harafi, idan kuma takardu sun saɓa a nemi gyara tun da wuri, ko a faɗi saɓanin cikin jimla ɗaya. Wasiƙar kada ta wuce shafi guda sai in an ce a wuce. Kada a yi alkawarin da ba a nufi cikawa ba, musamman na cewa zan dawo in gina ƙasata, sai fa in mutum zai iya faɗin inda zai koma da aikin da zai kama. Kada a jira ranar ƙarshe, don wutar Bangui da intanet ɗinta ba su san ranar rufe karɓar takardu ba. Lambar wayar da aka sa ta kasance wadda ke hannun yaron ko ta wani na gida da ba ya tafiye-tafiye. A kuma ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a imel, darasin da duk gidan da ya yi gudun 2014 ya riga ya koya.

Yaro ya ajiye kwafin wasiƙar, ya sake karanta ta kafin ranar ganawa. Tsare-tsaren tallafi da dama suna kiran waɗanda suka tsallake matakin farko su zauna gaban kwamiti, ido da ido ko ta bidiyo, kuma daga cikin wasiƙar ake ciro tambayoyi. Idan ya rubuta cewa ya riƙe littafin shago, za a iya tambayarsa yadda yake fitar da riba. Idan yarinyar ta ambaci Gbaya Dombia, za a iya ce mata ta faɗi abin da ta gani a can, da abin da take ganin ya rage a yi.